Tsatsar da Na Goge wa Ɗan Farina

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, ni direba ne. Wata tsohuwar akori-kura nake ja, Kaura zuwa Shinkafi ranar kasuwa, wata rana Zurmi, wata rana Kasuwar Daji in ɗauko hatsi da awaki. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ga ƙarshenta ba. Amma akwai abu guda da duk tasha ta shaide ni da shi: ba na ga maciji da tsatsa. Motata ta tsufa har abokan aiki suna gaishe ta kafin su gaishe ni, amma in ka leƙa ƙarƙashinta ba za ka ga ja ko kamar ƙwayar gero ba. Duk farkon damina sai na kwanta a ƙasa na bi ta da baƙin mai, ƙusa bayan ƙusa. Ƙyauren gidana, bokitin rijiya, har fartanyar da aka daina noma da ita, babu wanda ya tsira daga hannuna. Na faɗi wannan tun farko ne don ku san irin mutumin da Allah ya haɗa da ɗan da ya je jami'a ya zaɓi ya karanci tsatsa.

Ɗan farina ne. Ku da kuke ɗora ɗan fari a wuya kuna ɗaukar hoto, da wuya ku gane abin da zan faɗa. A gidanmu ba haka ake ba. Sunan mahaifina aka sa masa, kunya ta zama biyu, don haka bakina bai taɓa furta sunansa ba. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ita ta raine shi, ita ke kiransa mai gidanta. In zan yi zancensa sai in ce ɗan tsohuwa. In ta kama dole in kira shi sai in ce kai. Ranar da ya ci jarrabawar shiga jami'a a tasha na ji labari, na ce to, na ci gaba da ɗaure taya, alhali a ciki ji nake kamar in hau saman mota in yi shela. Uwarsa ma ta fi ni, ita in aka ambace shi tashi take ta shiga madafa.

Da ya gama digirin farko ya samu aikin koyarwa a wata makarantar fasaha, daga baya suka sake shi ya tafi Zariya neman digiri na biyu a fannin ƙarafa da ƙere-ƙere. Karatun da wa'adi yake. Yajin aikin malamai ya cinye masa mafi yawansa, har aka kai shekarar da in bai miƙa bincikensa ba za a soke sunansa. Wannan kam na sani, don mahaifiyata ta sa an yi saukar Alƙur'ani a kai.

Abin da ban sani ba shi ne binciken kansa. Daga baya na san shi, da na san shi a lokacin da babu wannan labarin. Sabuwar jiha ce, ana ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka ana sa famfon tuƙa-tuƙa. A wani gari bututun ya daɗe lafiya, a wani kuma kafin a ankara ya ruɓe, ruwa ya riƙa fitowa ja, mata su koma rafi. Shi so yake ya gano wace ƙasa ce ta fi cin ƙarfe, kuma ko ruwan bagaruwa, wannan da majema ke jiƙa fata da shi, in an haɗa shi da wasu abubuwa an shafa wa ƙarfe, zai rage cin. Sai ya yanka ƙarafa faffaɗa kamar tafin hannu, ya auna kowanne a wani sikeli mai jin nauyin gashi, ya shafe wasu ya bar wasu tsirara, ya ɗaura wa kowanne 'yar lamba ta gwangwani da waya. Sannan ya binne su, wasu a fadamar Katuru, wasu a gonar dangin mahaifiyata a Badarawa, wasu a jigawa wajen Zurmi, wasu bayan gidanmu. Dole su yi rani guda da damina guda a ƙasa. Ba a yi wa ƙasa gaggawa, kuma ba a ba ta haƙuri.

Ni abin da idona ya gani daban. Da safe mahaifiyata za ta ce mini mai gidanta zai bi ni Shinkafi. In ce to. Ya fito da diga da buhu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya haye baya cikin lodi, don ba zai yiwu ya zauna gaba kusa da ni ba. In an kai inda zai sauka ya buga bodi, in tsaya, ya dira ya nufi gona. Ni kuma in karkata madubi ina kallonsa har ya ɓace. Sau nawa tambaya ta zo mini har leɓe, in haɗiye ta.

Jama'a kuwa ba su haɗiye tasu ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, kowa ya zama mai sa ido, kowa na tsoron a ce a gonarsa aka binne wani abu. Sai da limamin wani ƙauye ya tsayar da shi ya sa ya tono ɗaya ya nuna babu rubutu babu laya, sannan aka ƙyale shi. Abokina, wani mai walda da garejinsa ke kusa da tashar jirgin ƙasa, shi ya fi kowa samun abin yi. Da ya hango ni zai fara: an aika yaro ya koyo ƙera jirgi, ya dawo yana shukar ƙarfe, in ya tsiro don Allah a tsakura masa iri. In yi dariya tare da kowa, don uban ɗan fari ba ya kare ɗansa a bainar jama'a. Amma maganar tana ci na.

Bayan an yi kaka ya bi gonakin nan ya tono kayansa, ya kawo su gida a lallaɓe kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya jera su a kan katako a shagon ƙofar gida, ya kulle, ya ba kakarsa makulli, ya tafi Zariya. Malaminsa, wani farfesa, ya ce zai zo da kansa ya ga wuraren da aka yi binnewar, kuma a tafi da ƙarafan a motar makaranta don kada motar haya ta jijjige su.

Gida ya ɗauki harama. Aka yi sabon daɓe, aka shafe zaure da farar ƙasa, aka kama kaji aka ɗaure. Mahaifiyata ce shugabar aiki. Ana saura 'yan kwanaki baƙo ya iso ta aika a kira ni, ta miƙo mini makulli ta ce in je in gani da idona.

"Mai gidana ya ce malaminai babban mutum na, ya ce kar yara su shiga. Ni dai na leƙa, ban ga komi ba sai ƙazanta. Wanga abu za a gwada ma baƙo? A ce daga gidanka ya hito?"

Na buɗe na shiga. Ga ƙarafan nan jere a kan katako. Wasu sun yi ja kamar garin barkono, wasu sun yi ƙuraje suna ɓarewa, wasu sun yi baƙi ƙirin da laka maƙale a jiki. Wayoyin da aka ɗaura lambobin duk sun ci. Na ce a raina, ashe yaron nan wahala ta yi masa yawa, ƙasa ta lalata masa kaya bai samu sukunin gyarawa ba, ga shi kunya ta hana shi ya nemi taimako wurin mutumin da duk Kaura babu wanda ya kai shi sanin maganin wannan cuta. Ga dama ta samu. Abin da ban iya yi masa da baki ba, yau zan yi masa da hannu, ba tare da ya san wanda ya yi ba. Haka uban ɗan fari yake kyauta.

Kuma lokaci nake da shi har ya yi yawa. Da can in na dawo daga lodi, gindin wata bishiya a tasha muke zama mu buga karta har la'asar sakaliya. Ba caca ba, na rantse, ta nishaɗi. Shari'a ta zo, karta ta ɓace, muka rasa inda za mu sa hannuwanmu. Har yau ina cewa da an bar mini kartata da yaron nan ya gama karatunsa a kan lokaci. Abokina ya ce in daina ɗora wa addini laifin shisshigina.

Na kwashe ƙarafan kaf na zuba a buhu, na kai garejinsa. Da ya ga abin da ke ciki ya ajiye abin waldarsa, ya dube ni.

"Alhaji, ka tambaye shi?"

"Ni in tambayi ɗan tsohuwa?"

Ya ce shi dai ya san ɗan boko ba ya kulle abu a ɗaki a banza. Na ce masa ɗan boko ya san littafi, ni na san ƙarfe, ya ba ni aron injin wasa wuƙa ya bar ni da aikina. Ya ɗaga kafaɗa ya jawo mini injin. Wannan ɗaga kafaɗar har yau ban yafe masa ita ba. Mutumin da ke iya kwana yana musu a kan ko jirgin ƙasa ya fi tirela ƙarfi, ranar da ya kamata ya yi musu sai ya zama mai haƙuri.

Na fara da yanke wayoyin, na tara lambobin a wani gwangwanin madara, su ma na wanke su tas. Na jiƙa ƙarafan a kananzir. Na bi su da burushin waya, na ɗora su a injin, na bi da samfefa mai kaushi, na bi da mai laushi. Baƙaƙen nan su suka fi ba ni wuya, abin ya kama jikinsu kamar fata, na riƙa tsine wa ƙasar da ta yi musu haka, ban san bagaruwar ce ba, ban san su ne zuciyar binciken ba. Inda tsatsa ta yi rami na wasa har ramin ya shafe. Na fasa lodin kasuwar Shinkafi saboda aikin nan, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa ni yi ba. Daga ƙarshe na shafe su da mai, na goge da tsumma. Duka suka zama uwa ɗaya uba ɗaya, suna ɗaukar ido kamar sababbin farantai. Na mayar da su shago, na shimfiɗa farin ƙyalle na jera su sahu-sahu, na ajiye gwangwanin lambobin a gefe. Mahaifiyata ta leƙo ta sa mini albarka. Na ce mata kada ta kuskura ta faɗa masa wanda ya yi.

Ranar da aka sa, da hantsi yaron da malaminsa suka iso. Farfesan gajere ne mai furfura, mutumin kudu, amma ya daɗe a Zariya har Hausa ta zauna a bakinsa. Na tare shi a zaure, aka kawo ruwa da fura. Ya fara yabon ɗalibinsa, yana cewa bai taɓa samun mai naci irinsa ba. Na kau da kai na tambaye shi yadda ya baro hanyar Gusau. Ya sake ɗauko yabon, na tambaye shi ko an yi ruwa sosai a wajensu bana. Ya dube ni wani iri.

Da suka tashi za su shiga shago, al'ada ta ce in bar wurin. Na bar wurin, amma ban yi nisa ba. Motata tana gindin tagar shagon, nan take na tuna akwai tayar da ke son dubawa. Na tsuguna ina jiran in ji an ce kai, wa ya yi wannan aiki.

Aka buɗe ƙofa. Shiru. Shirun ya yi tsawo har na fara murmushi, na ce mamaki ne ya kama su. Sai na ji yaron ya yi salati a hankali, irin wanda ake yi in an ji rasuwa.

Farfesa ya yi magana da Turanci, da sauri, muryarsa tana hawa. Ban ji duka ba, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Sannan ya juya Hausa, ina jin don ya tabbata ta shiga. Ya ce tsatsar nan ita ce amsar da aka shekara ana jira. Ita za a ɗauki hotonta, a duba ta a madubin da ke nuna abin da ido bai gani, sannan a cire ta da magani a hankali a auna abin da ƙasa ta ci. Yanzu wa zai raba abin da ƙasa ta ci da abin da inji ya ci? Wanne ne na Katuru, wanne ne na Zurmi? Wanne aka shafa wa bagaruwa? Ya ce wa'adi ya ƙare, kuma ba ya da fuskar da zai je gaban kwamiti ya nemi ƙari ga ɗalibin da ya kasa tsare kayan bincikensa. Ya tambaye shi wa ya yi wannan.

Shagon nan warin baƙin mai yake, kuma duk garin mutum ɗaya ne ke irin wannan aiki. Yaron ya sani tun kafin ya gama buɗe ƙofa. Amma sai na ji ya ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe. Sakacina ne."

Farfesa ya sake tambaya. Ya sake ba shi amsa ɗaya.

Ina tsugune da sifana a hannu, ban tashi ba. Ba tsoron farfesa ba. In na shiga ɗakin nan dole in tsaya a gaban baƙo in yi magana a kan yaron, a gabansa, abin da ubana bai yi a kaina ba har ya koma ga Allah. In kuma na ci gaba da duba taya, to shi ke nan, yaro ya rufa mini asiri da digirinsa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai tsinci kaina a bakin ƙofa, hannu duk mai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Ni na goge su."

Ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi. Ashe saboda yadda na riƙa kauce wa yabon nan a zaure, ya ɗauka ni mai gidan haya ne ko wani kawu na nesa.

"Alhaji, kai mene ne nasa?"

Na dubi bango. Na dubi gwangwanin madara. Na ce, "Ni na haife shi. Ɗana ne."

Yaron ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama da sata. Daga bayan zana kuwa sai ga muryar mahaifiyata, wadda ashe ita ma tana duba tata tayar: "Yau mun ga ta kanmu. Rashin kunya har gaban baƙo."

Farfesa ya ɗauki ƙarfe guda, ya juya shi, ya ga fuskarsa a ciki. Ya zauna a bakin katakon ya dafe goshi. Na ɗauka kuka zai yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, irin wadda ba ta da daɗi. Ya ce in da gogewa ake ba da digiri, da ni zai ba. Ya tambaye ni me ya hana in tambayi yaron kafin in taɓa. Na ce a wurinmu ba a yi. Ya juya ga yaron ya ce shi kuma me ya hana ya zaunar da ubansa ya yi masa bayani tun ranar da ya fara binnewa. Ya ce ba a yi. Ya dube mu mu biyu ya girgiza kai, ya ce ya san kunya, ya zauna da Hausawa ya ga irinta kala-kala, amma bai taɓa ganin wadda ta cinye aikin shekara ba.

Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce abu ɗaya ne zai iya gwadawa, shi ma sai na yarda: in bi su Zariya in faɗa wa kwamiti da bakina, don in shi ya ba da labarin nan babu wanda zai gaskata. Kajin da aka yanka bai wani taɓa su sosai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba, kuma ban bar kowa ya ji ba. Na yi fushi da abokina da bai ƙwace buhun ba. Na yi fushi da yaron, don da ya rubuta kada a taɓa ya manna a ƙofa, wannan kam ina iya karantawa. Na yi fushi da mahaifiyata, wadda ta tsaya kai da fata cewa yara aka ce, shi kuma yaron a hankali ya ce kar kowa ya shiga ya faɗa mata. Ta ce yo uban mutum kowa na? Ta ƙara da cewa ita makulli kawai ta bayar, ba ta ce a kai wa mai walda ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron bai canza mini fuska ba. Kullum da safe ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Da ya yi mini tsawa sau ɗaya da na samu sauƙi.

Na je Zariya da babbar rigata ta Juma'a da buhun ƙarafa. Aka shigar da ni wani ɗaki mai dogon tebur, malamai sun jeru. Na faɗi komai, har da kananzir, har da samfefa mai laushi. Aka riƙa miƙa ƙarfen hannu zuwa hannu. Wata malama ta cire tabarau tana share hawaye, wani ya tambaye ni ko ina karɓar aikin ƙyaure. Na haɗiye, don na san ba mutuncina na zo nema ba. Wani dattijo a cikinsu, Bazazzagi, shi bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ɗan fari ne. Aka ce mu jira a waje. Da aka kira mu aka ce an ƙara masa shekara guda, ta ƙarshe, ko sama za ta faɗo babu wata.

An samu, amma ba kyauta ba. Hutun da wurin aikinsa suka ba shi ya ƙare, dole ya koma aji, ya riƙa haɗa koyarwa da bincike. Kuma akwai wani gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje da ake sa ran shi zai samu in ya gama a wannan shekara. Wani abokin karatunsa ne ya tafi a maimakonsa. Wannan ba daga bakinsa na ji ba, har yau bai taɓa ambata mini ba.

Ranar da za a sake binne sababbin ƙarafa ya fito da digarsa da buhunsa, ya gaishe ni, ya kama bodi zai haye baya. Na ce, "Kai. Shigo gaba." Ya tsaya kamar bai ji ba. Na ce rana na yi. Ya shigo ya takure a jikin ƙofa, kamar kujerar tana da ƙaya. Muka fita gari, muka yi nisa. Sannan, idona a kan hanya, na ce wai ita tsatsar nan me ake nema a jikinta.

Shi ma idonsa a kan hanya ya fara. Da farko a taƙaice, daga baya ya manta da wanda yake magana, hannuwa suka fara tashi. Ashe tsatsa iri-iri ce. Akwai mai bin fuska a shimfiɗe, akwai mai haƙa rami kamar gara, ita ce mugunyar, ita ke huda bututu. Akwai ma wadda in ta rufe ƙarfe takan kare na ƙarƙashinta. Rabin abin da ya faɗa ya wuce ni, amma ban katse shi ba sai sau ɗaya, inda na ba da shawara a bar wahalar bagaruwa a shafa wa bututun baƙin mai kawai. Ya ce cikin ladabi, Baba, ruwan sha ne. Na ce to. Muka isa Katuru, na fito na karɓi digar. Fasinjojina suka yi ta ƙorafi, na ce mai sauri ya sauka ya taka.

Shekarar nan ni na zama mai gadin tsatsa. Duk wanda ya matsa kusa da inda muka binne bayan gida sai ya ji muryata. Da aka tono su na ɗauko su a gaban mota, a kan cinyar mai su, ina tafiya kamar mai ɗauke da mai naƙuda. Ya gama. Abin da ya gano ba wani abin kaɗa ganga ba ne: bagaruwar tana taimakawa a jigawa, a fadama kuwa ƙasa ta fi ƙarfinta, sai an nemi wata dabara. Amma amsa ce ta gaskiya, kuma a kanta ya ɗora sauran aikinsa har ya kai inda ya kai. Mahaifiyata ta riga mu gidan gaskiya tana nan a kan bakanta cewa yara aka ce.

Ba zan zauna nan in ce muku kunya banza ce ba. Da ita aka raine mu, kuma na ga abin da rashinta ke yi. Har yanzu in na ga jikokina sun haye wuyan ubansu suna ja masa gemu sai na yi tsaki. Amma in na tuna cewa mun yi ta zirga-zirga a mota ɗaya, ni a gaba shi a baya, gilashi kaɗai tsakaninmu, tambayar da ba ta fi numfashi guda ba ta gagare ni, sai haushi ya taso mini sabo fil. Na iya fasa lodin kasuwa, na iya tsayawa a gaban inji har yatsuna suka yi kanta, duk don in guje wa buɗe baki. Na zaɓi mai wuyar na bar mai sauƙin, kuma ba ni na ɗauki asarar ba.

Cikin ƙarafan da na goge na ɓoye guda. Na rataye shi a ƙusa a zaure, na yi wa kaina alkawari ba zai ƙara ganin mai ba. Yanzu ya yi jawur, gefensa ya fara ɓarewa. Duk damina in na wuce sai tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Abokina, da ya tsufa bai daina ba, in ya zo sai ya nuna shi da sanda ya ce Alhaji ga aiki can yana jiranka.

Da sallar da ta wuce ɗan tsohuwa ya zo da iyalinsa, shi ma furfura ta fara yi masa sallama. Na same shi a zaure ya sauke ƙarfen daga ƙusa yana juya shi a haske, yana kankara da farce. Ya ce, "Baba, wannan ta yi kyau."

Har yau ban kira sunansa ba, kuma ba na jin zan kira. Amma na jawo tabarma na zauna, na ce ya gaya mini wace iri ce.